Janareto Mai Jan Taragu: Yadda Kan Jirgin Dizal Ke Aiki, Da Yadda Za Ka Gane Shi Da Wayarka

Mutane da yawa suna ɗaukar kan jirgin ƙasa tamkar wata ƙatuwar tirela da aka ɗora a kan ƙarfe: inji a gaba, giya a tsakiya, ƙafafu a ƙasa. A gaskiya yawancin manyan kawunan jiragen dizal da ke aiki a duniya yau ba su da giya ko kuloci, kuma babu wata sanda da ta haɗa injin da ƙafafun. Injin dizal ɗin janareto yake juyawa, janareto ya ba da wuta, wutar ta juya ƙafafu. Wato abin da ke wucewa ta gabanka yana girgiza ƙasa ƙaramar tashar lantarki ce mai tafiya.

Wanda ya fahimci wannan, kallon jirgin kaya zai zame masa wani abu daban. Ƙarar da yake ji, hayaƙin da yake gani, yawan ƙafafu da fankokin da ke kan rufi, kowanne yana da bayanin da yake bayarwa. Kuma wayar da ke aljihunka ta isa ka karanta wannan bayani, muddin ka san inda za ka tsaya. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne mafi muhimmanci, za mu zo kansa.

Me ya sa ba a yi masa giya irin ta mota ba?

Injin dizal, wanda ya samo sunansa daga Bajamushe Rudolf Diesel da ya samar da na farko mai aiki sosai a 1897, ba ya amfani da filogi. Fistan ne ke matse iska a cikin silinda har ta yi zafin da ya haura digiri 500, sannan nozul ya fesa mai, man ya kama da kansa. Inji ne mai tsimin mai da juriya, amma yana da rauni guda: ba ya iya ba da ƙarfi daga tsaye. Dole sai yana juyawa zai iya jan wani abu. Shi ya sa mota take da kuloci, domin injin ya ci gaba da juyawa yayin da ƙafafu ke fara motsi a hankali.

To ka ƙaddara nauyin da za a tayar ba tan 30 na tirela ba ne, tan 1,500 ne. Kulocin da zai jure wannan gogayya zai ƙone kafin jirgin ya bar tasha. Wannan ita ce matsalar da injiniyoyi suka yi ta fama da ita a farkon ƙarni na 20, kuma hanyoyi uku da suka bi wajen warware ta su ne suka zama manyan nau'o'in kan jirgin dizal.

Nau'i na farko: mai giya

Wannan shi ne mafi kama da mota. Yana da akwatin giya da sanduna ko sarƙa da ke kai ƙarfi ga ƙafafu. Yana da arha da sauƙin gyara, amma ƙarfinsa kaɗan ne. Za ka gan shi a cikin masana'antu, ma'adinai da harabar tasha, yana tura taragu biyu ko uku daga wannan layi zuwa wancan. Ba a tafiya mai nisa da kaya masu nauyi da shi.

Nau'i na biyu: mai aiki da matsin mai

A nan, maimakon kuloci, injin yana juya wani fanfo da ke watsa mai da ƙarfi a kan wata farfela, farfelar kuma ta juya ƙafafu. Ka ɗauki fankoki biyu ka sa su fuska da fuska, ka kunna ɗaya: iskarta za ta juya ɗayar ba tare da sun taɓa juna ba. Haka abin yake, sai dai mai ne a madadin iska. Irin wannan dabara ce ke cikin motoci masu giyar otomatik. Jamusawa ne suka fi rungumar ta, kamfanin Voith ya yi suna a kanta, kuma samfurin V 200 da ya fito a 1953 ya zama abin alfaharin layin dogon Jamus ta Yamma. Irin wannan kai ba shi da nauyi sosai. Wannan alheri ne ga jirgin fasinja, amma ga jirgin kaya rashin nauyi naƙasu ne, kamar yadda za mu gani.

Nau'i na uku: mai dizal da lantarki

Wannan ne ya mamaye duniya. Injin yana juya babban janareto, wutar ta bi ta manyan wayoyi zuwa motocin lantarki da ke maƙale a jikin kowane aksul, a tsakanin ƙafafu. Sirrin shi ne motar lantarki tana ba da ƙarfin murɗawa mafi girma tun daga tsaye, daidai lokacin da jirgi ya fi buƙatarsa. Duk wanda ya hau babur ko keke mai batir ya san yadda yake fizga da zarar an murɗa. A 1939 kamfanin Electro-Motive na Amurka, wanda aka fi sani da EMD, ya zagaya da samfurinsa FT a layukan ƙasar yana jan kaya, kuma cikin shekaru kusan ashirin injin tururi mai cin gawayi ya kau daga manyan layukan Amurka.

Direban irin wannan jirgi ba ya taka totur. Yana da hannu mai matakai takwas. A mataki na ɗaya injin na tafiya a hankali, a na takwas yana kan iyakar gudunsa, wanda bai wuce juyi 900 zuwa 1,050 a minti ɗaya ba. Ka kwatanta da injin ƙaramar mota da ke iya kai juyi 6,000. Injin jirgi ba gudu ne aikinsa ba, girma ne.

Bugu biyu ko bugu huɗu: abin da kunnenka zai gaya maka

Masu babur sun san wannan rabe-raben. Akwai inji mai bugu biyu, irin ƙaramin janareton da ake haɗa wa fetur da baƙin mai, akwai kuma mai bugu huɗu, irin na Bajaj Boxer. A mai bugu huɗu, fistan yana zuƙar iska, ya matse ta, mai ya kama ya tura shi, sannan ya fitar da hayaƙi. Wuta na tashi sau ɗaya a kowane juyi biyu. A mai bugu biyu, wuta na tashi a kowane juyi.

Manyan kamfanonin Amurka biyu sun raba hanya a nan. EMD ya riƙe bugu biyu tsawon shekaru da injinansa 567, 645 da 710. Waɗannan lambobi ba na ado ba ne, girman cikin silinda ɗaya ne da ma'aunin inci. A injin 710, silinda ɗaya tana ɗaukar lita 11.6, wato ta ninka dukkan injin ƙaramar mota mai lita 1.8 fiye da sau shida, kuma irin waɗannan silinda 16 ne a cikin injin. Bambancinsa da ƙaramin janareto shi ne ba a haɗa masa baƙin mai a cikin man da yake sha. Wata na'ura ce ke hura iska ta ramukan da ke ƙasan silinda, iskar ta kori hayaƙi ta bawul huɗu da ke sama.

General Electric, wato GE, wanda sashensa na jiragen ƙasa ya koma hannun Wabtec a 2019, ya zaɓi bugu huɗu da injinsa FDL, daga baya kuma GEVO da ya fito a 2005 mai silinda 12 da ƙarfin doki 4,400.

Ga inda kunne ke shigowa. Injin EMD mai silinda 16 a juyi 900 yana tayar da wuta sau 240 a daƙiƙa ɗaya. Injin GEVO mai silinda 12 a juyi 1,050 yana tayarwa sau 105 kacal. Saboda haka ƙarar EMD takan haɗe ta zama gurnani ɗaya mai santsi da ke hawa sama kamar kuka idan direba ya ƙara mataki. Ta GE kuwa a rarrabe take, kana jin dukan ɗaya bayan ɗaya kamar ana kirɓa sakwara da sauri. Idan ka naɗi sautin da wayarka ka saurara da kyau a gida, sau biyu ko uku sun isa kunnenka ya fara rarrabewa.

Dokokin hayaƙi sun fara sauya wannan tarihi. Lokacin da Amurka ta tsaurara ƙa'idar hayaƙin jiragen ƙasa a 2015, EMD, wanda tun 2010 yake ƙarƙashin kamfanin Caterpillar, ya fito da sabon inji mai bugu huɗu domin kasuwar gida. Amma dubban injinan 645 da 710 suna nan suna aiki a Afirka, Asiya da Kudancin Amurka.

Inbata a cikin jirgi

Akwai wani rabe-raben da ido ba ya gani da sauƙi. Tsofaffin kawuna suna amfani da motocin lantarki masu burushin kabon, irin wanda ke cinyewa a injin huda ƙarfe. Idan jirgi ya daɗe yana jan nauyi a hankali a kan tudu, irin waɗannan motoci sukan yi zafi har su ƙone. Daga farkon shekarun 1990, musamman da fitowar SD70MAC a 1993, aka koma motocin da ba su da burushi, waɗanda inbata ke sarrafa wa wuta. I, dangin inbatar da ke haɗe da sola a gida ce, sai dai wannan tana sarrafa wutar da za ta ishi unguwa guda. Kwamfuta tana lura da gudun ƙafafu a kowane lokaci, da zarar wata ta fara sulɓi sai ta rage mata wuta nan take.

Ƙarfe a kan ƙarfe: ribar jirgi da matsalarsa

Wurin da ƙafar jirgi ke taɓa dogo bai fi faɗin kwabo ba. Ƙarfe a kan ƙarfe ba ya lotsawa kamar tayar roba a kan kwalta, saboda haka jan kaya a kan dogo ba ya cin ƙarfi. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, ƙarfin da bai wuce na ɗaga kilo biyu zuwa uku ba ya isa ya ci gaba da jan tan guda. Wannan ne dalilin da ya sa jirgi ke kai tan ɗaya na kaya da kusan kashi ɗaya cikin uku ko huɗu na man da tirela za ta sha.

Amma santsin da ya kawo riba shi ne ya kawo matsala. Kan jirgi ba zai iya ja da ƙarfin da ya wuce kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa ba kafin ƙafafunsa su fara juyawa a banza. Na zamani masu inbata sukan kai kashi ɗaya cikin uku ko fiye. Kai mai tan 120 zai ja da ƙarfin tan 30 ke nan, ko da injinsa ya fi haka ƙarfi. Shi ya sa ake son kan jirgin kaya ya yi nauyi, manyan na Amurka suna kai tan 190. Shi ya sa kuma kowane kai yake ɗauke da akwatin yashi. Idan ka zuƙo hoton ƙafafun za ka ga siririn bututu a gabansu, ta nan ake fesa busasshen yashi a kan dogo lokacin ruwan sama ko hawan tudu.

Tudu shi ne babban abokin gabar jirgi. Hawan mita ɗaya a cikin kowace mita 100, wanda mai babur ba zai ma lura da shi ba, yana ƙara kilo 10 a kan kowane tan. Jirgi mai tan 1,000 da ke buƙatar ƙarfin tan uku a fili zai buƙaci tan 13 a wannan ɗan tudu. Idan ka ga kawuna biyu ko uku a haɗe, amsar ke nan. Direba ɗaya ne ke sarrafa su duka ta wata kakkaurar waya da ke tsakaninsu. A dogayen jirage har a tsakiya da ƙarshe ake sa kai, ana ba shi umarni ta rediyo. A watan Yunin 2001 kamfanin BHP a yammacin Ostireliya ya haɗa taragu 682 na tama da kawunan GE takwas, tsawon jirgin ya haura kilomita bakwai.

Inda za ka ga jirgin kaya a yankinmu

Jirgi ya iso Kano a 1911, kuma shi ne ya kwashe dalar gyaɗa, auduga da fatu zuwa tashar ruwan Legas. Wancan tsohon layi, mai tsawon kusan kilomita 1,126, faɗinsa milimita 1,067 ne. Haka rassansa na Zariya zuwa Kauran Namoda da Kano zuwa Nguru, da layin gabas da ya tashi daga Fatakwal ya isa Maiduguri a 1964. Da farko gawayin Inugu ne ke tafiyar da jiragen. Daga tsakiyar shekarun 1950, lokacin da aka kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya a 1955, aka fara shigo da na dizal, kuma tun daga nan an sayo kawuna daga Ingila, Amurka, Kanada da Sin. A 2010 an kawo guda 25 na GE samfurin C25 domin wannan tsohon layi.

Sababbin layukan faɗinsu milimita 1,435 ne: Abuja zuwa Kaduna mai kilomita 186 da aka buɗe a 2016, Warri zuwa Itakpe da aka buɗe a 2020, wanda tun asali domin jigilar tama aka tsara shi, da Legas zuwa Ibadan na 2021 da ya shiga har tashar ruwan Apapa, inda ake ɗaukar kwantena. Kawunan da ke kansu na kamfanin CRRC ne na ƙasar Sin, kuma su ma masu dizal da lantarki ne. Layin Kano zuwa Maraɗi ta Katsina, da na Kaduna zuwa Kano, an aza harsashinsu a 2021 a kan wannan faɗi.

Bambancin milimita 368 tsakanin layukan biyu ba ƙaramin abu ba ne. Taragon tsohon layi ba zai hau sabo ba, dole a sauke kaya a sake lodi. Ga tashoshin tsandauri irin na Kaduna da na Dala a Kano, waɗanda aka gina domin kwantena ta taso daga teku kai tsaye zuwa Arewa, tambayar wane layi ne ya iso ƙofarsu kuma yana aiki ita ce ke yanke ko ɗan kasuwar Kwari ko Singa zai samu sauƙin kuɗin dako, ko kuwa zai ci gaba da biyan tirela.

A maƙwabta ma akwai abin kallo. A Kamaru, layin Camrail mai faɗin mita ɗaya yana tashi daga Duwala ya bi ta Yawunde ya tsaya a Ngaundere, inda ake sauke kayan da manyan motoci ke wucewa da su arewacin ƙasar da Chadi. A Muritaniya, jirgin tama na kamfanin SNIM yana ratsa Sahara kilomita 704 daga Zuwerat zuwa Nuwadibu da taragu kusan 200, tsawonsa ya haura kilomita biyu. Daga cikin kawunan da ke jansa akwai EMD samfurin SD70ACS, wanda aka yi wa matatun iska na musamman saboda rairayi. Duk wanda ya ga yadda ƙurar hunturu ke toshe filtar janareto ya san dalili.

Abubuwa biyar da za ka duba idan jirgi na wucewa

1. Ƙafafu. Kan jirgi yana zaune a kan kekuna biyu, gaba da baya. Idan kowanne yana da aksul biyu, ana kiran tsarin Bo-Bo, yawanci na fasinja ne ko aiki mara nauyi. Idan uku-uku ne, Co-Co ke nan, shi ne na jan kaya, domin yana raba nauyi a kan aksul shida kuma yana da motocin lantarki shida.

2. Lamba da farantin kamfani. Kowane kai yana da lamba a goshi da gefe. A ƙasan ɗakin direba sau da yawa akwai ƙaramin farantin ƙarfe mai sunan kamfani, samfuri da shekarar ƙira.

3. Fankokin rufi. Wasu na lagireto ne. Wasu kuwa na wani birki ne mai ban sha'awa: a gangara direba yana mayar da motocin lantarkin su zama janareto, ƙafafu su riƙa juya su, wutar da suka samar a ƙone ta a wasu ƙarafa masu kama da na hita, fanka tana hura su. Idan ka ji jirgi yana gangarowa da kuka mai tsini alhali babu hayaƙi sosai, wannan birki ne ke aiki.

4. Hayaƙi. Baƙin hayaƙi na ɗan lokaci idan an ƙara mataki ba matsala ba ce, mai ne ya riga iska isowa kafin turbo ya ɗauki gudu. Baƙi mara yankewa alama ce ta toshewar filta ko lalacewar nozul. Shuɗi na nufin injin yana shan baƙin mai. Fari yakan fito daga injin da bai yi zafi ba.

5. Taragu. Mai shimfiɗa na kwantena ne, mai kama da tanka na mai ne, rufaffe na buhunan siminti, taki ko hatsi ne, mai buɗaɗɗen sama da ƙofa a ƙasa na tsakuwa ko tama ne. Daga nan za ka san abin da yankin ke saye da abin da yake sayarwa.

Yadda wayarka za ta taimaka

Ka ɗauki bidiyo a kwance, ba a tsaye ba, domin jirgi dogo ne. Idan wayarka tana da tsarin ɗauka a hankali mai hoto 120 ko 240 a daƙiƙa, yi amfani da shi a kan ƙafafu da lamba, daga baya ka tsayar ka ƙirga a natse. Ka kare makirfon daga iska da tafin hannu ko ɗan ƙyalle, in ba haka ba sautin injin zai ɓace.

Kana ma iya auna gudunsa. Doguwar kwantena mai ƙafa 40 tsawonta mita 12.2 ne. A bidiyon, zaɓi wata alama da ba ta motsi, kamar turken wuta, ka duba tsawon lokacin da kwantena ɗaya ta ɗauka tana wuce ta. Idan daƙiƙa ɗaya ce, gudun mita 12.2 ne a daƙiƙa. Ka ninka da 3.6, ka samu kusan kilomita 44 a awa. Idan daƙiƙa biyu ce, kilomita 22 ke nan.

Domin sanin inda layuka suka bi, shafin OpenRailwayMap yana nuna layukan dogo na duniya har da faɗinsu, kyauta. Hoton tauraron ɗan'adam na Google Maps zai nuna maka hanyar jama'a da ke kallon layi daga nesa. Jirgin kaya ba shi da tsayayyen lokaci kamar na fasinja, a tsohon layi ma akan daɗe ba a ga ko ɗaya ba, saboda haka masu shago da mazauna kusa da tasha su ne suka fi sanin lokacin da ake jin hon ɗinsa. Idan babu layi a garinku, tashar Virtual Railfan a YouTube tana watsa kyamarori kai tsaye daga layukan Amurka, inda za ka ji EMD da GE suna wucewa ɗaya bayan ɗaya. Ka rage ingancin hoton idan kana tattalin data, sautin ne ka fi buƙata.

Hoto bai kai rai ba

Duk abin da aka faɗa a sama game da santsin ƙarfe a kan ƙarfe yana aiki a wajen tsayawa ma. Jirgin kaya mai lodi da ke gudun kilomita 90 a awa yana iya cin kilomita ɗaya da rabi ko fiye kafin ya tsaya, ko da direba ya danna birkin gaggawa. Ba shi da sitiyari, ba zai kauce maka ba. Idan direba ya hango ka a kan layi, abin da ya rage masa shi ne hon da addu'a. A watan Maris na 2023 jirgi ya yi karo da wata motar bas ta ma'aikata a mararrabar layi a Ikeja da ke Legas, aka rasa rayuka, da dama suka jikkata.

Akwai abubuwa uku da ke yaudarar mutane. Na farko, babban abu yana bayyana kamar a hankali yake tafiya, ta fuskar waya kuma ya fi yin kama da mai nisa. Na biyu, ƙarar injin tana fita ne ta sama da gefe, jirgin da ke tunkaro ka bai cika ƙara ba sai ya iso, balle idan ka toshe kunne da iyafis. Na uku, jikin jirgi ya fi layin faɗi da kusan mita ɗaya ta kowane gefe, kuma igiya, waya ko ƙofar tarago na iya yin lilo fiye da haka.

Saboda haka ƙa'idojin ba su da yawa. Kada ka taka layi, kada ka zauna a kai, kada ka yi selfi a kai ko da ka ga ya yi tsatsa. Ka tsaya aƙalla mita goma daga dogo, ka bar zuƙowar kyamara ta yi maka tafiyar. Kada ka hau gadar jirgi, babu wurin gudu a kanta. Kada ka ratsa ta ƙarƙashi ko tsakanin taragun da ke tsaye, suna iya motsawa ba sanarwa. Inda layi biyu ne, wucewar jirgi ɗaya ba ya nufin hanya ta buɗe. Kada ka ɗora dutse, ƙusa ko kwabo a kan dogo domin bidiyo, ganganci ne da rayukan mutane kuma laifi ne.

Sai batun tsaro. Tun bayan harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna a watan Maris na 2022, da yawaitar satar ƙarafan layi, jami'ai ba sa wasa da wanda suka gani yana ɗaukar hoton layin dogo. A tasha, ka je wurin shugaban tasha ko jami'in tsaro ka yi sallama, ka faɗi abin da ya kawo ka, ka nemi izini. Idan an hana, ka haƙura. Kada ka ɗauki shingen jami'ai, kada ka wallafa lokacin wucewar jirgi kai tsaye, kada ka tayar da jirgi mara matuƙi ba tare da izinin hukuma ba. Ka tafi da aboki, da rana, kuma wani a gida ya san inda kake.

Daga kallo zuwa sana'a

Abin da ke cikin kan jirgi, wato injin dizal, janareto, inbata, motar lantarki da kwamfutar da ke lura da su, shi ne abin da ke cikin manyan motocin haƙar ma'adinai, jiragen ruwa da tashoshin wuta na masana'antu. Matashin da ya iya karanta ɗaya ya kama hanyar fahimtar sauran. A Zariya akwai Cibiyar Fasahar Sufuri ta Najeriya, a Daura kuma akwai Jami'ar Sufuri ta Tarayya, kuma duk layin da aka kammala zai buƙaci direbobi, makanikai da masu gyaran lantarki da sigina.

Farawa ba ta buƙatar komai sai manhajar rubutu a wayarka. Duk jirgin da ka gani, ka rubuta rana, wuri, lambar kai, Bo-Bo ne ko Co-Co, yawan taragu da irin kayan da ke ciki. Bayan wata shida za ka san waɗanne kawuna ne ke aiki a yankinku, wanne ya daina fitowa, da lokacin da taki ko siminti ke motsi, bayanin da ba kowa ke da shi ba.